Suna, Rana da Lambar Gida

Dolna Lipa,
9 ga Oktoba

'Yata Zornitsa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da 'yan tagwaye. Yaya sanyin Plovdiv, ya fara shigowa? Yaya ƙafar surukarki? Ki gaishe ta. Ni dai ina nan yadda kika bar ni, gwiwa tana ƙara, ido yana raguwa, sauran jiki yana bin su a hankali.

Saƙonki ya iso. Kin ce za ki buɗe shafin bulog a kan girke-girken kakarki, kina neman shawarar gwani. Na yi dariya har na ƙware. Shekara biyar na yi a jami'a ina karatun tarihi, shekara talatin da huɗu ina koyar da shi har aka rufe makarantar aka zuba ciyawar tumaki a ajina, ba wanda ya taɓa kirana gwani sai da na koyi danna kwamfuta da yatsa biyu. To, ga ɗan abin da na sani.

Kada ki jira masu karatu. A shekarata ta farko mutum bakwai ke leƙa shafina, daga baya na gane uku daga cikinsu ni ne. Ki zaɓi rana ɗaya a mako, ki rubuta ko akwai mai dubawa ko babu. Tawa Talata ce, shekara tara ke nan ban tsallake ba, har makon da aka binne matata, gwaggonki Nevena. Kada ki saka hoton da ba ke kika ɗauka ba. Kada ki tanka wa mai zagi, yawanci ba ya iya rubuta zagin daidai ma.

Amma babbar shawarata ita ce wadda na yi ta cusa wa yara a aji ba su ɗauka ba: ki faɗi abu takamaimai. Suna, rana, wuri. Kada ki ce "wata tsohuwa a wani ƙauye". Ki ce wance, 'yar wane, gida mai lamba kaza. Duk sauran rubutu hayaƙi ne.

Haka nake nawa. Kin san takardun mamata da muke mannawa a ƙofar gida, ta rasuwa da ta arba'in da ta cikar shekara. Ruwan sama yana wanke su kafin a gama kukan. Ni kuwa sai in ɗauki hotonsu a jikin ƙofar, in rubuta wane ne mamacin, me ya bari a ɗakinsa, 'ya'yansa suna wace ƙasa, yaushe rabonsu da zuwa. Gida sittin da ɗaya na rubuta haka. Mu ashirin da uku muka rage a garin, a layinmu kuwa daga ni sai Donka, matar aminina marigayi Stamen. In ban rubuta ba, wa zai san an taɓa yin mutane a nan?

Donka kam ba ta ga amfanin abin ba. Kwanan baya muna gasa tattasai a tsakar gidanta ta ce, "Malam, wai wa ke karanta maka wannan shirgin? Matattun?" Na ce da an ja musu wuta da sun karanta. Ta ce, "Da sun biyo ka da sanda. Juya wancan, yana ƙonewa, kai ko tattasai ba ka iya gadi ba." Kullum da la'asar haka muke. Ita kaɗai nake jin muryarta a yini, in ka cire rediyo.

Ranar Litinin za a yi mata aikin ƙugu a asibitin birni, za ta yi mako uku. Na sanar a shafin don a yi mata addu'a, na haɗa da labarin Stamen da hotunan ɗakin aikinsa, har da babbar tukunyar tagulla ta dafa barasa wadda kakansa ya ƙera. Ki duba, ina jin ban taɓa rubuta abin da ya kai shi ba.

Kuma haƙuri yana biya. Wata biyu ke nan wani mai kiran kansa Ɗan Ƙauye yake bin duk abin da na saka. Tambayoyinsa na mai hankali ne. Har ya tambaya ko tsohuwar gadarmu tana ɗaukar babbar mota, ina zaton mai shirya fim ne. Na zana masa taswira da hannuna.

Ki sumbaci yara. Allah ya tsare ku.

Kawunki,
Luben

Dolna Lipa,
30 ga Oktoba

'Yata Zornitsa,

Ina gaishe ki da iyali, da fatan kowa lafiya. Na ga kiranki har sau huɗu, ban ɗauka ba, ki yafe mini. Lafiyar jikina ƙalau. Baki ne ba ya iya faɗin abin, shi ya sa na koma takarda.

An fasa gidaje shida a garin nan cikin kwana goma. Na Donka ne na ƙarshe. Ranar Alhamis na tafi birni duba ta, motar safe na bi, ta yamma ta dawo da ni. Na tarar da ƙofar gidan Donka a wangale, sawun taya a cikin lambun kabejinta. Sun kwashe tukunyar tagulla, da kayan aikin Stamen, da keken ɗinki, da hoton Budurwa Maryamu da ta gada wajen uwarta. Har wayoyin lantarki sun zare daga bango. Da rana tsaka, 'yata, hankali kwance. Sun san ba kowa a layin. Ni na rubuta a shafin ranar Talata cewa Alhamis zan kai mata tuffa.

Ɗan sandan da ya zo Asen ne, tsohon ɗalibina, yanzu har da furfura. Ya zauna a kicin ɗina ya fito da wayarsa, ya buɗe shafina, ya ajiye takardarsa a gefe. Gidajen da aka fasa, a jere suke yadda na rubuta su. Ya ce, "Malam, ka tuna ka kayar da ni a tarihi, ka ce ba na lura da ƙananan abubuwa?" Na ce na tuna. Ya ce, "To waɗannan ɓarayin da ka ba su maki shida cif, makin ƙoli." Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, sai ya daina. Na nuna masa saƙonnin Ɗan Ƙauye da taswirar. Ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Kai Malam. Har da kibiya?" Ya ce za su bi sawu, amma kada in sa rai, tagulla kwana biyu take yi a narkar da ita.

Labari ya riga ni zuwa kanti. Da na shiga sayen burodi, tsoho Grozdan, wanda aka fasa gidan ƙaninsa, ya ɗaga murya ya ce, "Ku ɓoye cokulanku, ga magatakardan ɓarayi ya shigo." Ba wanda ya tsawata masa. Ranar Asabar aka yi arba'in ɗin matar mai tuƙa motar garin, aka bi kowa da dafaffiyar alkama a ƙofar coci, aka tsallake ni. Shekara saba'in da biyu ina cin alkamar mamatan garin nan.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Donka ce. Ba ta sani ba tukuna, likita ya ce a bari ta fara takawa. Ɗanta Tihomir ya kira daga ƙasar Sifen, ya faɗa mini maganganun da ba zan maimaita miki ba, ya ce yana zuwa ya tafi da ita. Shekara shida yana lallashinta tana ƙi, tana cewa gidanta lafiya lau, ga Malam a maƙwabta. Yanzu me za ta ce masa?

Shawarar nan da na ba ki ta suna da rana da wuri, ki soke ta da biro. Ban san abin da zan ba ki a madadinta ba.

Kawunki,
Luben

Dolna Lipa,
13 ga Nuwamba

'Yata Zornitsa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Yaya tarin ƙaramin? Ki dafa masa shayin furen bishiyar linden da zuma. Na gode da daren jiya da shekaranjiya da kika ɓata kina taya ni ta waya.

Na bi duk yadda kika ce, na goge shafin. Dannawa biyu ne, har kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata. Littafin da na rubuta a kan garin nan ya yi shekara ashirin a aljihun tebur ba wanda ya yarda ya buga, shi kuwa wannan shekara tara ya tafi kafin shayina ya huce. Amma gaskiyarki. Na rubuta sunan Stamen a wurin bincike, sai ga labarin nan da hotunan a wasu shafuka biyu da ban san masu su ba, ɗaya ma da tallan takalma a gefensa. Na rubuta musu wasiƙa cikin ladabi. Ba amsa. Wa zan kai wa ƙara? Gida hamsin da biyar na nan a jere suna jiran wanda zai karanta.

Donka ta dawo ranar Lahadi, Tihomir ya kawo ta. Na sa rigar coci na shiga. Tana zaune a kan kujera a tsakar gida, sanduna biyu a gefenta, tana kallon inda tukunyar take a da. Na shirya jawabi tun asuba. Ita ta fara. Ta ce, "Ashe dai ana karanta ka, Malam. Barka." Na ce Donka, ki zage ni. Ta ce, "Da wane ƙarfin? An sa mini ƙarfe a ƙugu, shi kaɗai ne ƙarfen da ya rage a gidan."

Na ce zan kawo gadona in kwana a ɗakin Stamen, in yi gadi. Tihomir ya ce, "Kai? Da me za ka kore su, da ranar da aka yi yaƙi?" Ta ce masa ya rufe baki, malaminsa ne. Sannan ta juyo ta ce, "Ba kayan ba ne, Luben. Sun buɗe akwatin da na ajiye kayan da za a binne ni da su, sun watsar a ƙasa, sun taka. Ko mota ta wuce yanzu sai in ce su ne suka dawo." Shekara hamsin muna maƙwabtaka, ranar ta fara kiran sunana ba Malam.

Ba ta ce za ta tafi ba, ba ta ce za ta zauna ba. Tihomir yana da hutun kwana goma. Kowace safiya ina leƙawa ta kan shinge in ga ko an fito da akwatuna. Ban da wannan ba abin da nake yi.

Ki yi mana addu'a.

Kawunki,
Luben

Dolna Lipa,
24 ga Nuwamba

'Yata Zornitsa,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Dusar ƙanƙara ta fara sauka a nan jiya. Na ji kin buɗe shafinki, maigidanki ya faɗa mini. Ban duba ba, na zare kwamfutar na rufe ta da bargo. Allah ya sa albarka. Kin ce in zo in yi hunturu a wajenku. Na gode, amma ba zai yiwu ba, ga dalili.

Donka ta tafi ranar Laraba da hantsi. Tihomir ya buga katakai a tagogi, ya sa sarƙa a ƙofa. Na tsaya a bakin hanya da kwalbar zuma a hannu kamar mai talla. Har ta shiga mota, sai ta sa aka sauke gilashi, ta ce, "Malam, zo nan. Je bayan gida ka kwance Belka." Akuyarta ce, fara, wadda jikar Grozdan ta riƙe mata tun tana asibiti. Na ce Donka, ni ban taɓa riƙe dabba ba, Nevena ce mai yi. Ta ce, "Na sani. Sau biyu a rana, safe da yamma, in ka tsallake nonon zai kumbura ta mutu. Ka yi mata surutunka yadda kake so, ita ba ta da wanda za ta faɗa wa." Na miƙa mata zumar, ta ce ba a shiga jirgi da ita, in sha. Na tambaye ta ko za ta dawo da bazara. Ta ce, "Rufe wuyanka, iska ake yi." Motar ta tashi.

Ban sani ba ko yafiya ce ko hukunci. Na juya maganar ta kowace fuska, yadda nake juya tsofaffin takardu, ban samu amsa ba.

Kwana biyar ke nan. Akuyar ba ta yarda da ni ba. Ta harbe ni a gwiwa, ta kifar da kwanon sau uku, abin da nake samu bai cika kofin shayi ba. Nonon ya yi tauri, gefe ɗaya yana da zafi, tana kuka tana kallon shingen gidansu. Na je wurin Grozdan, ya ce in tambayi masu karatuna, ya rufe ƙofa. Likitan dabbobi sai hanya ta buɗe.

Don haka yau ni ke neman shawara. A cikin masu shafukan nan dole akwai wanda ya zauna ya rubuta yadda ake tatsar akuya, dalla-dalla, inda ake sa yatsa da yadda ake riƙe ƙafarta. Ki nemo mini, ki kira ni ki karanta mini a hankali, zan ɗauka a wannan karon. Hoton takardar nan zan ɗauka in turo miki ta waya yanzu, tunda hanya a rufe take. Kada ki bari sai gobe, 'yata. Yamma ta kusa, ga ta can ta fara kuka.

Kawunki,
Luben