Baba Ya Gyara Min Mota, Ta Ƙi Tashi

Kawu, ni mai karanta filinka ce, don Allah ka taimake ni da shawara. Abin nan ya tsaya min a rai, kuma na rasa wanda zan faɗa wa ba tare da magana ta zaga dangi ba.

Ni malamar makaranta ce, ina da 'yar tsohuwar motata da nake zuwa aiki da ita, in sauke yara a hanya. Watan jiya ta fara zafi tana shanye ruwan lagireto, har wata rana ta yi ta tururi a ƙofar makaranta ɗalibai na kallo. Mahaifina bakanike ne, ya fi shekara arba'in a gareji kafin ya dawo gida ya zauna. Da ya ji labari ko shawara bai yi da kowa ba, ya sa aka jawo ta ƙarƙashin rumfar gidansa, ya ce gaskit ne ya ƙone.

Kwana tara yana kanta. Ya cire wayoyi, ya sauke kan inji, ya jera notuna a tsohon farantin Inna, tana ta mita yana yi kamar bai ji ba. Rabon da in ga Baba da walwala haka har na manta. Kafin ya mayar da wayoyin ya yi abin da ya saba tun ina ƙarama, wato ya bi jikin injin da baƙin fenti har shafi biyu. Shi a wajensa aikin da bai yi ƙyalli ba bai gamu ba, shi ya sa abokan aikinsa ke tsokanarsa da Mai Fenti.

Ranar da ya gama ya yi wanka, ya sa kaya masu kyau, ya tara mu, ya miƙo min makulli. Na murɗa. Fitilun gaban sitiyari suka kama, rediyo ta kama, amma inji sai ƙas ɗaya, shiru. Na sake, ƙas. Yau kwana goma sha biyu ke nan. An sa batir ɗin a motar maƙwabci, bugu ɗaya ta tashi. Sau biyu Baba yana cire kik mai tayar da inji, ya jona shi da batir a ƙasa, ya yi ta juyawa lafiya lau, da an mayar kuma sai ƙas. Ya juya injin da sifana, yana juyawa. Fis-fis ma duk mun duba.

Na ce mun duba, Kawu, amma gaskiya ni na duba, kuma nan ne inda gizo... a'a, bari in faɗa maka kai tsaye: idon Baba ya fara tafiya. Sai ya miƙo min sifana in karanta masa lamba, wai maiƙo ne ya rufe ta, alhali fes take. Noti da yatsa yake lalube. Shekaranjiya ya zuba shayi a gefen kofi. Inna ta yi masa maganar asibiti, ya ce idonsa ya fi nata.

Shi kuwa maigidana ya yi haƙuri, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kullum shi ke kai ni aiki ya kai yara, ya isa nasa wajen a makare, har an fara yi masa magana. Yanzu ya ce ranar Asabar zai sa a ja motar zuwa garejin bakin titi. Mai garejin nan a hannun Baba ya koyi riƙe sifana. Ka duba, a ɗaure motar da igiya a fito da ita daga gidan Baba, maƙwabta na zaune, a kai wa wanda ya koya wa aiki! Na ce masa ba shi da tausayi, ya ce ni kuma ba na son gaskiya, tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Baba ya rage cin abinci, sai ya zauna a benci ya zuba wa motar ido. Jiya ya ce in yafe masa ya ɓata min mota. Mutumin da ban taɓa jin ya ba wani haƙuri kan aiki ba. Na shiga ɗakin Inna na yi kukana. Ni wallahi motar ta ruɓe a wurin ban damu ba, tsorona kada Baba ya yarda cewa shi ya ƙare. Ya zan yi kafin Asabar?

'Yar Mai Fenti

'Yata, share hawayenki, mu fara da motar, don ta fi mutanen sauƙin sha'ani.

Ba ki sani ba, amma wasiƙarki ta yi rabin aikin. Batir lafiya, kik lafiya, inji na juyawa. Abin da ya rage shi ne hanyar da wuta ke bi a tsakaninsu. Wuta takan fita daga batir ta shiga kik, sannan dole ta sami hanyar komawa, kuma ta jikin inji take komawa, ta wata waya mai kauri da ake ɗaurewa da noti. Fenti ba ya barin wuta ta wuce. In wayar nan a kan shafi biyu na fenti ta zauna, fitilu za su kama, rediyo za ta yi waƙa, kik kuwa ƙas kawai zai ce. Mahaifinki ya fi ni sanin wannan. Shekara arba'in yana kankare ɗan wurin nan da zarar ya gan shi, wannan karon ne bai gan shi ba. Ba zan rantse ba tunda ban ga motar ba, amma nan zan fara dubawa.

Gwajin ba ya cin minti biyar. Ki sa giya a firi, ki ja birkin hannu, ki cire zobe da awarwaro, ki soke mayafi. Ki ari waya ɗaya daga cikin waɗanda ake jona batir da batir. Ki maƙala kai ɗaya a kan batir mai alamar debewa, ɗayan a jikin kik inda ƙarfe yake tsirara, nesa da notin da wayar wuta ke shiga. A murɗa makulli. In inji ya juya, an kama ɓarawo. Sai a cire wancan kan batir ɗin tukuna, a kwance notin wayar, a goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, a duba mazaunin kik shi ma, a ɗaure tamau. In kuma bai juya ba, a duba wayar da ke kai wuta kik da 'yar siririyar da ke kusa da ita ko sun yi sako-sako. In duk ya faskara, a kira mai wayarin ya zo har gida. Babu dalilin igiya.

Maigidanki yana da gaskiyarsa. Wanda ya yi sama da sati uku yana makara a wurin aiki saboda surukinsa ba a ce masa marar tausayi. Ki ba shi haƙuri yau, ba gobe ba, ki gaya masa maganar idon Baba yadda kika gaya min, don da alama motar kawai yake gani. Ki roƙe shi ya ƙara miki kwana biyu.

Saura babbar magana. Kada ki gyara a ɓoye. Yatsan da ke gane noti zai gane an goge ƙarfe, kuma wannan zai fi igiya yi masa ciwo. Ki je ke kaɗai, lokacin da babu 'yan kallo. Ki tambaye shi ta ina wuta ke komawa batir, ya ɗora miki hannu a kan wayar. Ki leƙa, ki faɗa masa abin da kika gani ba ragi ba ƙari. Ina kyautata zaton kafin ki rufe baki shi zai ce ki ɗauko samfefa. Wannan ba wayo ba ne, gaskiyar aikin ke nan: sanin nasa ne, idon naki.

Amma ban yarda ki tsaya nan ba, don tashin mota ba zai dawo masa da gani ba. Da yawa daga matsalar ido ta manya ana maganinta in an je da wuri, likita ne kaɗai zai tantance. Ki daina taya shi cewa maiƙo ne. Ki gaya masa cikin ladabi cewa kin lura, kuma kina tsoro, domin uba yakan ƙi maganar matarsa ya ji ta 'yarsa.

Ranar gwajin, ke ki tsaya wajen inji, shi ki ba shi makulli ya murɗa. In ta tashi kada ki yi saurin magana, ki bar shi ya saurara, kunnensa lafiya lau yake. Tafiyarta ta farko kuma kada ta zama makaranta. Ki sa shi a gidan gaba, ki faɗa masa inda za ku, ki kai shi asibitin ido a motar da ya gyara da hannunsa.

Allah ya ba Baba lafiya, ya daidaita ki da maigidanki, ya sa ku ji kukan inji kafin Asabar. Ki gaishe min da Mai Fenti.

Kawunku