Zinariyar da Na Goge

Asabar, 8 ga Maris
Kai mai leƙen littafin mutane, tunda ka buɗe, canki wannan: yana gudu a kan ƙarfe ba ƙafa, ido ba ya ganinsa sai ya yi tuntuɓe. Mene ne?

Ni ma yau na san shi, cikin faɗa. Jikata Tabarau, mai karatun kimiyya a jami'a, ta bar ɗan akwati a kan teburinta. Na shiga shara na buɗe: ɗan gilashi kamar farcen babban yatsa, an shafe shi da zinariya, ga ƙura a kai. Na hura masa, na goge da gefen zanena har ya yi sheƙi. Ta dawo ta gani, ta zauna daɓas a ƙasa. "Kaka, kin kashe ni." Ni da na yi aikin lada.

Lahadi, 9 ga Maris
Ba ta ci abincina ba. Cikinta ne.

Talata, 11 ga Maris
Ubanta ya zo sasanci, ɗan da na goya, yana min magana a hankali kamar mai lallashin mahaukaciya. Wai haske take korawa ya bi fuskar zinariyar. Wai ita da kanta ta dasa 'yan ƙuraje da ido ba ya gani, don ta auna yadda hasken ke watsewa in ya ci karo da su. Yanzu zanena ya ja layuka barkatai, ba ta iya raba nata da nawa. Na ce to, ita ta ɓata abu an ce ilimi, ni na gyara an ce ɓarna? Tukwanen gidan nan har fuska ake gani a gindinsu, haske bai taɓa kai ƙarata ba.

Ya ce za ta koma ɗakin kwanan ɗalibai. Ta koma mana. Sai in ga mai tsefe mata wannan kan.

Alhamis, 13 ga Maris
Ta haɗa kaya. Ashe malaminta ya ce sai ta sake daga farko, abokanta su gama su bar ta. Wannan ba wanda ya faɗa min.

Litinin, 17 ga Maris
Ta ce, "Kaka, sa takalmi ki zo ki ga aikinki." Na bi ta ɗakin gwajinsu a jami'a don kar a ce na ji tsoro. Ɗaki ba taga, sanyi kamar cikin firji, aka sa min hula da safar hannu kamar mai shiga tiyata. Ta kashe fitila, ta kunna wani jan haske, ta nuna min allon kwamfuta. Baƙi ƙirin, sai layuka suna ƙyalli a lanƙwashe, daidai yadda nake murza hannu in ina goge tire. Na gane hannuna. Na ce, "Ai ko a nan aikina ya fi naki kyau." Dariya ta kuɓuce mata, tana share ido ta ƙarƙashin tabarau.

Laraba, 19 ga Maris
Jakar kayanta na nan bakin ƙofa, ba ta fita da ita ba, ba ta kwance ta ba. Da safe ta cinye abincin tas, wai gishiri ya yi yawa. Ƙarya take.

Na shiga ɗakinta da tsumma. Sabon akwati a kan tebur, ƙura a murfinsa har a yi rubutu. Na daɗe a tsaye. Na share ƙasa kawai na fito. Kafaɗata ce ke ciwo, shi ya sa.

Kai mai leƙe, amsar cankin nan: haske ne. In zinariya sumul take, wucewa yake ba a gani. Inda ta ƙarzanu, nan yake watsewa.