Baba, Taurarina Sun Yi Yawa

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'imarsa. Shekara uku ke nan da rasuwarka, saura wata biyu. Na gama karatu, Baba. Ina rubuto maka ne daga tashar Kurfi, ina jiran motar Dutsin-Ma ta cika. Sau biyu ina shiga ina fitowa.

Ba ka ga aikin da na kammala digiri da shi ba, don haka bari in faɗa maka a taƙaice. Taurari ba a warwatse suke ba, gungu-gungu suke, kowane gungu ana kiransa galaksi. Masana suna ba kwamfuta yanayin sararin sama tun yana sabo, lokacin babu tauraro ko ɗaya, sai iskar gas da wani abu mai nauyi da ido ba ya gani. Sai su ba ta dokokin lissafi, su bar ta ta yi gaba da lokaci. Nauyi yana tara gas wuri guda, gas ya huce, ya dunƙule, taurari su kunnu. Ƙananan gungu su haɗe su zama babba. Abin da ya ɗauki shekara kusan biliyan goma sha huɗu, sai ka kalle shi a fuskar kwamfuta kafin shayi ya huce. Na san tambayar da za ka yi. A'a, ba halitta muke yi ba. Lissafi ne kawai na bin sawun yadda Allah Ya tsara abinsa.

Akwai doka guda da ba a tsallakewa. Manyan taurari ba sa daɗewa, fashewa suke yi, kuma fashewar tana ƙona gas ɗin da ke kewaye, ta kore shi. Wannan ne ke hana galaksi haifar taurari barkatai ta cinye gas ɗinta tun tana ƙarama.

Gwaji uku na yi, a wata babbar kwamfuta ta ƙasar waje da malamina ya nemo mana izinin amfani da ita. Biyu sun fito yadda aka zata. Na ukun ya cika da taurari tun da wuri, fiye da duk abin da na gani a littafi. Malam ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Ya ce wataƙila mun yi tuntuɓe da wani abu. A kansa zai rubuta mini takardar shaida ta neman gurbin digiri na biyu, kuma jibi Alhamis zai aika.

Ranar Asabar na buɗe fayil ɗin umarnin da na ba kwamfuta a gwaji na uku don in tsara shi. A layin da ke kunna fashewar taurari, inda ya kamata a ga ɗaya, sifili ne. Ni na sa shi, tun lokacin da nake gwada ko komai na tafiya, na manta ban mayar ba. Na duba sau bakwai. Har yanzu sifili ne.

Ba wanda ya sani. An ɗaure aikin, an sa hannu. Inna ta naɗe nata kwafin cikin zane ta ajiye a akwati, duk baƙuwar da ta zo sai ta ciro mata. Kwana uku ina kai da komo tsakanin zaure da bakin titi, har ta tambaye ni ko cikina ke ciwo.

Ka tuna daminar da ka ba ni layi huɗu a gonarmu ta Kutawa ka ce in rage gero? Ka nuna mini yadda ake bar wa kowane rami uku, a cire sauran. Na yi layi uku. Na huɗun ya fi kowanne kyau, kore shar, hannuna ya ƙi. Na bar shi, na ce maka na gama.

Yanzu na san cewa ka ga layin tun a lokacin. Ba ka ce komai ba har kaka. Ranar girbi ka kira ni ka tsayar da ni gaban layin, kara sirara, zangarniya kamar ɗan yatsa. Ka ce, "Shukar da ta fi kyau a sati na biyu, ita ake fara tuhuma." Sannan ka ce abin da ya fi yi mini zafi, cewa da na faɗa maka a ranar, da sai mu gyara tare kafin azahar.

Galaksina ta uku ita ce layin nan, Baba. Ba a rage ta ba. Ban gano komai ba, mantuwa na yi.

Ban san abin da Malam zai yi ba idan na je na faɗa masa. Yana iya fasa takardar. Yana iya cewa a sake gwajin, gurbin bana ya wuce ni. Na lissafa hanyoyin duka, babu wadda ta kwantar mini da hankali. Abin da na sani shi ne idan na yi shiru, wani ɗalibi zai gina nasa aikin a kan sifilina, ya tsaya gaban nasa layin ranar girbi bai san dalili ba.

Shi ya sa zan sa wannan wasiƙa a intanet inda mutane za su karanta kafin motar ta tashi. Na san halina. Idan ban toshe hanyar komawa ba, zan sauka a kwanar farko in ce gobe.

Saura mutum ɗaya motar ta cika. Direba yana kallona.

Allah Ya jiƙanka, Babana, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da haƙurin da ka yi da ni har kaka. Ni kuma Ya ba ni bakin magana idan na tsaya a ƙofar ofishin Malam.

Ɗanka da ya bar layi na huɗu,
Sagiru