Rabon Baba a Kwalbar Giyata

Litinin, 5 ga Agusta
Garejin gyaran manyan motoci a Johannesburg, ni na kafa shi. Gida mai bene, ni. Yara biyu a jami'a, ni. Da takardar aji uku na sakandare na tsallako daga garinmu Gutu, ba wanda ya ba ni ko kuɗin mota. Baba ya sayar da shanu ya karantar da ƙanena Tongai, ni ya ce kaina na jaki ne.

Yau Yaya Shuvai ta bugo waya. Baba ya shekara a ƙasa, ranar Asabar za a zuba giya a kabarinsa a dawo da ruhinsa gida. Wai ɗan fari namiji ke fara zubawa.

Na ce, "Ku ba mai digirin."

Laraba, 7 ga Agusta
Sun riga sun sassaƙa dutsen kabarin. Sunan Shuvai, sunan Tongai. Shi ke nan 'ya'yan. Shuvai ta ce, "To kai da ka yar da sunan gidanmu, me za mu rubuta? Garikai Gareji?" Har da dariya.

Alhamis, 8 ga Agusta
Na yanki tikitin Harare. Injin mota zan je dubawa, ba don su ba.

Juma'a, 9 ga Agusta
Filin jirgi. An kusa kiran fasinja, na shiga mashaya in kora guda ɗaya a tsaye. Ina buɗewa hannuna ya karkata da kansa, na tsiyaya kaɗan a ƙasa. Yadda Baba ke yi wa magabata kafin ya kurɓa. A kan tayil mai sheƙi, gaban Turawa!

Mai sayar da giyar, wata dattijuwa, ta fito da tsumma.

"Haba ɗan'uwa, nan ba tsakar gida ba ne, ni ce mai gogewa." Sai ta juya harshe zuwa namu na gida. "Wa ka rasa?"

Na ce ba kowa, santsi kwalbar ta yi.

"Uhm. Duk 'yan gida haka take yi musu santsi. Sha ka tafi, tsoho na jira."

Wa ya tambaye ta? Na bar rabin kwalbar.

Lahadi, 11 ga Agusta, Gutu
Ban ga injin ba.

Tongai ya riga ya ɗauki ƙwaryar giyar da na iso. Ya miƙo mini. Na zuba. Ƙasar ta shanye nan take, kamar wanda ya daɗe da ƙishi. Ƙurar wurin ta dame ni a ido.

Ban yafe ba, kada wani ya ɗauka haka. Amma na kira mai sassaƙa, gobe zai zo da kurfinsa na sassaƙa dutse. A saman na Tongai nake son sunana, da manyan baƙaƙe, kuma cikakke: Garikai Chinembiri. Har sunan tsohon. A rubuta shi.