Ka Fitar da Inna Daga Ƙauye

Yaya Ketel,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Inna? Ka ce mata ina lafiya a birnin Krakow, inda muke gudun hijira. Sanyi ya cinye min yatsu biyu, amma sauran sun isa riƙe linzami. Dawakin Yarima, ɗan'uwan sarkin ƙasarmu ta Magyar, duk a hannuna suke, da gumina na kai nan.

Na ji kai ka nuna wa sarkin Magyar maɓoyar ɗan Yarima, aka ƙwaƙule masa idanu don kada ya hau gadon sarautar baffan nasa. Ladanka kuwa, an ba ka makiyayata. Ka ci lafiya.

Da ƙanƙara ta narke, rundunarmu za ta ƙetaro kogin Tisa ta ƙauyenmu. Gaya wa sarkinka in ka so, amma ka fara kai Inna gidan Gwaggo. Allah ya kiyaye ta. Kai kuwa ka zauna a gida, ina so in same ka.

Ƙanenka,
Bokeny