Mudun Saffana a Atamfar Kamfen

Litinin, 5 ga Oktoba
Alhaji Tankari ya same ni a shagona na kasuwar Tianxiu, nan ƙasar waje. Atamfar kamfen yake so ta ɗan takararsu, fuska a tsakiya, ado a kewaye. Ina nuna masa samfura a waya sai ga mudun Saffana. Ƙanwata ce, ta sassaƙa shi da reza a kan ledar ɗaki lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa: mudu wayam, ba ko ƙwaya. Ta shafa tawada, ta murza takarda da bayan cokali, ƙawayenta su liƙa a bango. Har a hannun 'yan sanda ta kwana saboda shi.
Ya ce, "Wannan ya yi! A cika shi da shinkafa kawai."
Na ce to. Ko tari ban yi ba.

Alhamis, 8 ga Oktoba
Masana'anta. Kowane launi da allonsa: baƙi na mudu, rawaya na shinkafa. Laoban, mai wurin, ya tambayi wanda ya zana. Na ce a intanet na tsinta.
Intanet! Yarinyar da na goya.

Juma'a, 9 ga Oktoba
Na sayo tuwo a gidan abincin Mariama, na ture shi ban ci ba.

Talata, 13 ga Oktoba
Saffana ta kira. Wai ta karanta cewa samarin garin nan ma da sassaƙen katako suka wayar da kan talakawa zamanin yaƙi, in nemo mata hotuna. Na ce aiki ya yi yawa.
"Yaya, ledar tana wajen 'yan sanda. Hoton da ke wayarka kaɗai ya rage, ka riƙe min amana."
Duk unguwarmu an san mudun nan. In ya fito cike, ba ni za a zaga ba, ita za a ce ta sayar. Kunya kamar in nutse.

Asabar, 17 ga Oktoba
An fara bugu. Baƙi ya hau, kore ya hau. Laoban ya ɗago allon rawaya, sai na ji bakina ya ce meiyou da yarensu, wato babu. Ya ce Alhaji fa? Na ce ai Alhaji ya sake shawara ne.
Na tsaya ina kallon yadi yana wucewa: ɗan takara na murmushi, mudaye wayam sun kewaye shi.
Zan ce wa Alhaji kuskuren masana'anta ne. Ba jarumta na yi ba, gajiya ce kawai.
Na yanki ƙyalle ɗaya na sa a jaka. Ban san da wane ido zan miƙa mata ba.