Man Kircin Fadimatu

Birnin Kebbi, 3 ga Maris, 1964

Zuwa ga maigidana a Argungu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aikin awon shinkafa? Ka yi haƙuri da rubutuna, iyakar abin da ajin yaƙi da jahilci ya ba ni ke nan.

Kircin ɗiyarmu Fadimatu ya kwanta. A asibiti aka ba mu wani man shafawa na Turawa, kwana shida ta daina susa. Sai dai duk inda ya warke ya bar fari-fari, har a kumatu. Matan unguwa sun ce man ne ke cin fata, wai haka kuturta ke farawa. Inna, mahaifiyarka, ta ware mata kwano. Yara sun daina shigowa, Fadimatu ta koma wasan 'yar tsana da kaji.

Na koma asibiti da ita. Likita ya tsikari wurin da allura, ta tsala ihu, ya ce kuturu ba ya jin haka, launin zai dawo sannu a hankali. Amma ni kaɗai ce a wurin, wa zai yarda da ni? Ni kaina ina shafa mata ne ina shakka. Ina kewarka ƙwarai.

Taka,
Balaraba

Birnin Kebbi, 29 ga Maris, 1964

Maigida,

Ina gaisuwa, ya jikinka da gajiya? Amsarka ta iso, layi biyu, in bi maganar Inna in rabu da man. Na bi.

Kircin ya dawo ya fi da. Ya yi baƙi, ya tsage, zanenta duk ɗigon jini. Amma farin ya ɓace, shi ne hankalin kowa ya kwanta! Aka yi ta zuwa yi min barka, Inna ta mayar da kwanonta cikin namu, yara suka dawo. Fadimatu tana wasa da hannu ɗaya, ɗayan yana susa.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ban jefar da man ba, yana cikin tulun da ya tsage. In na yi mata wanka ina shafa mata a baya da ciki, inda riga ke rufewa, can fatar ta yi lumui. Jiya ta miƙo min kumatunta ta ce in sa mata nan ma, nan ya fi ƙaiƙayi. Na ce mata man ya ƙare.

Ka gafarce ni. Allah ya dawo da kai lafiya.

Matarka,
Balaraba